Idan Likita Ya Ce a Koma Gida: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan wata, kuma duka sun taru a kan abu ɗaya, wato jinyar mutumin da ciwonsa ya kai inda magani ba zai warkar da shi ba. Kamar yadda muka saba, an cire sunayen masu tambaya da na asibitocin da suka ambata.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana fama da cutar dajin mama shekara uku ke nan. An yi mata aiki, an yi mata allurai, amma yanzu an ce ciwon ya shiga ƙashin bayanta da na ƙugu. Babban likitan ya ce mu kai ta gida mu ci gaba da addu'a, domin babu sauran abin da asibiti zai yi. Da dare ba ta barci, mu ma ba ma yi, saboda ihun da take yi duk lokacin da aka juya ta. Wani ƙaramin likita ya rubuta mana ruwan mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, amma Kawunmu, wanda shi ne babba a gidan, ya hana a ba ta. Ya ce ƙwaya ce irin ta 'yan shaye-shaye, kuma ya ji an ce wanda aka fara ba wa ita ba ya daɗewa. Ina gaskiyar lamarin?

Wata 'yar'uwa daga Jihar Kano

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya ba ku ladan jinya. Zan fara da maganar babban likitan. Idan abin da yake nufi shi ne babu sauran maganin da zai kawar da cutar, mai yiwuwa ya yi gaskiya. Amma cewa babu sauran abin da asibiti zai yi kuskure ne, kuma kuskure ne da mu likitoci muka daɗe muna tafkawa, domin an horar da mu a kan warkarwa, saboda haka idan warkarwa ta gagara sai mu ji kamar aikinmu ya ƙare, mu sallami mara lafiya a daidai lokacin da ya fi bukatarmu. Akwai fanni guda a aikin likita wanda ba shi da wata manufa sai irin halin da Hajiya take ciki, wato jinyar sassauci: rage raɗaɗi, da haki, da amai, da rashin barci, da tashin hankalin mara lafiya da na iyalinsa, ko cutar za ta warke ko ba za ta warke ba. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ita ce ta kafa tushen fannin a wannan zamani lokacin da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967. A 2014 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa kowace ƙasa ta shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarta.

Tsoron Kawu yana da tushe, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Duk wanda ya zauna a Arewa ya ga ɓarnar da tiramol da kodin suka yi wa matasa da matan aure, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Mofin ɗan gidansu ne, wannan gaskiya ne. Bambancin yana ga wanda yake sha da kuma yadda ake ba shi. Ɗan shaye-shaye yana neman maye ne a jikin da ba ya ciwo, yana ƙara wa kansa yadda ya ga dama. Hajiya kuwa tana da ciwon da ke cin ƙashi, kuma likita ne zai fara mata da ƙaramin ma'auni, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai inda raɗaɗin ya kwanta alhali tana cikin hayyacinta. Da wuya mai irin wannan ciwo, wanda ake bi da shi ta wannan hanya, ya faɗa cikin jarabar shan maganin.

Batun cewa wanda aka fara ba wa mofin ba ya daɗewa, na san inda ya samo asali. A asibitocinmu ba a cika ɗauko wannan magani ba sai mutum ya kai gargara, saboda haka 'yan'uwa sukan ga an ba shi yau, jibi rai ya yi halinsa, sai su ɗora wa maganin laifin abin da cutar ta riga ta gama. Idan an ba shi bisa ƙa'ida, mofin ba ya gaggauta mutuwa, kuma akwai masu shan sa wata da watanni suna zaune da iyalinsu, suna cin abinci, suna sallah. Wani bincike da aka buga a 2010, wanda aka yi a wani babban asibiti a birnin Boston na Amurka a kan mutum 151 masu dajin huhu da ya yaɗu, ya nuna cewa waɗanda aka fara yi wa jinyar sassauci tun da wuri sun fi samun kwanciyar hankali, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9.

Ga abin da ya kamata ku sani idan an fara. Ruwan mofin yana aiki ne kamar awa huɗu, don haka ana ba da shi da agogo, kowace awa huɗu, ba a jiran sai ta fara kuka, domin ciwon da aka bari ya tashi ya fi wuyar kwantarwa. Ki tambayi likitan ƙarin da za a ba ta idan ciwon ya taso tsakanin lokutan, da kuma ko za a iya ba ta kafin wanka ko juyawa. Kusan duk mai shan sa yana samun taurin bayan gida, saboda haka dole a haɗa mata da maganin sassauta ciki tun ranar farko, kuma wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Tashin zuciya da yawan gyangyaɗi kan zo a kwanakin farko sannan su lafa. Idan kuwa kun ga barcin ya yi nauyi har ba a iya tashinta, ko numfashinta ya ragu sosai, ku dakata da na gaba ku nemi likita nan take. Ki gaya masa idan tana da matsalar ƙoda, kada ku daina maganin farat ɗaya bayan ta daɗe a kansa, kuma a kulle kwalbar a inda yara da baƙi ba za su kai ba.

Ciwon ƙashi yana da wani magani bayan wannan. Gashi da na'ura, wato haska wurin ciwon da wani haske mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin daji, ko da sau ɗaya ne, yakan rage raɗaɗin dajin da ya shiga ƙashi ƙwarai, kuma akwai cibiyoyin gashi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, sai dai ki bincika ko na'urar tana aiki kafin ku ɗauko ta. Tunda kuma ciwon yana ƙashin baya, idan ƙafafunta suka fara mutuwa ba zato, ko fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, wannan na gaggawa ne, a koma asibiti a ranar.

Shi kuwa Kawu, kada ki yi jayayya da shi a gaban ƙannensa. Ki roƙe shi ya raka ku wurin likitan ya ji da kunnensa, sannan ya tambayi malamin da ya amince da shi, domin malamai sun halatta irin wannan magani idan likita ya ga larura. Idan da hali, ya kwana ɗaya a ɗakin da take kwance. Haƙuri da ƙaddara bai hana neman magani ba, kuma matar da ciwo ya sake ta ita ce za ta iya riƙe carbinta.

TAMBAYA

Likita, mahaifinmu ɗan kasuwa ne mai shekara 68. An gano dajin hanta, kuma an gaya mana mu 'ya'yansa cewa ya yi nisa. Mun haɗu mun roƙi likitoci kada su gaya masa, muka ce masa shawara ce da ta yi tsanani. Yanzu kullum sai ya tambaye ni me ya sa ba ya samun sauƙi, jiya ma ya ce a sayar da gona a fita da shi Masar. Yayyena sun ce faɗa masa gaskiya zai karya masa zuciya. Ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Wani ɗan'uwa daga Gusau

AMSA

Ɗan'uwa, na fahimci yayyenka, domin a al'adarmu ba a yi wa mara lafiya albishir da mutuwa, kuma wanda ya je dubiya ba abin da yake faɗa sai Allah ya ƙara sauƙi. Tausayi ne ya sa kuka ɓoye. Amma a ganina wannan ɓoyon ya fara cutar da Alhaji, kuma wasiƙarka ta nuna hakan. Mutumin da yake ganin cikinsa yana kumbura, jikinsa yana ramewa, mutane suna yin shiru idan ya ɗago kai, ya riga ya san akwai magana. Abin da ɓoyon ya ƙara masa shi ne kaɗaici, domin ya rasa wanda zai faɗa wa abin da yake tsoro. Ga shi kuma yana shirin sayar da gona a kan labarin da ba shi ne gaskiya ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, sai dai idan akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanarwar za ta cutar da shi. Ta fuskar addini ma, ɗan kasuwa yana da bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da amanar mutane a hannunsa, da wasiyyar da shari'a ta ba shi damar yi a cikin sulusin dukiyarsa, da waɗanda zai so ya nemi gafararsu. Duk wanda ya ga rigimar gado a kotu saboda uba ya rasu bai ce komai ba zai gane nauyin hana mutum wannan dama.

Wannan ba ya nufin a shiga ɗaki a jefa masa magana kamar dutse. Masana wannan fanni suna farawa ne da tambaya. A zaɓi lokacin da ciwo ya lafa, a rage jama'a, a zauna kusa da shi, likitan da ya saba da shi ko kai da kanka ka ce: "Baba, kai me kake gani game da wannan ciwo?" Sau da yawa amsar da zai bayar za ta ba ku mamaki. Daga nan a tambaye shi ko yana so a yi masa bayanin duk abin da gwaji ya nuna, ko ya fi son a yi maganar da 'ya'yansa. Idan ya ce ku ji da shi, ya zaɓa, kuma haƙƙinsa ne a bar shi a haka. Idan ya ce a gaya masa, a gaya masa kaɗan-kaɗan da kalmomin da zai gane, a yi shiru a bar shi ya haɗiye, kuma kada kowa ya yanke masa kwanaki, domin likita kansa ƙiyasi yake yi. Abin da bai kamata a tashi ba a faɗa masa ba shi ne cewa za a ci gaba da kula da shi, kuma ba za a bar shi cikin ciwo ba.

Batun Masar kuwa, ku nemi a ba ku rahoton asibiti da hotunan da aka ɗauka, ku aika wa wani ƙwararre ya duba kafin a taɓa gona. Idan ra'ayi ya zo ɗaya, shi Alhaji ne ya kamata ya yanke inda kuɗinsa da sauran ƙarfinsa za su tafi.

TAMBAYA

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibitin ƙaramar hukuma. Muna da likitoci biyu, ba mu da sashen jinyar sassauci, ba mu da mofin, abin da muke da shi farasitamol ne da allurar fentazosin. Masu dajin mahaifa da ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki sukan kwanta a gadon ƙarshe na ɗaki, zagayen likita ma wani lokaci ba ya kaiwa gare su. Me za mu iya gyarawa da abin da ke hannunmu?

Wata ma'aikaciyar jinya daga Jihar Jigawa

AMSA

Malama, wannan gadon ƙarshe da kika ambata na san shi, domin a shekarun da na fara aiki ni ma na sha wuce shi da sauri ina cewa a ci gaba da abin da ake yi, kuma har yau abin yana damuna. Matsalar ba ta asibitinku kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne suke bukatar wannan kulawa a kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai suke samu. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko da kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rarrabawa a duniya, alhali yana cikin magunguna masu araha.

Ƙasar da ta fi dacewa mu duba ita ce Yuganda, saboda ba ta fi mu kuɗi ba. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa gidan jinyar sassauci a Kampala, inda aka riƙa dama garin mofin da ruwa ana zubawa a kwalabe ana ba marasa lafiya su sha a gidajensu. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman ikon rubuta mofin, domin ta gane cewa idan sai likita kaɗai, mutanen karkara ba za su taɓa gani ba. A nan gida, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashen jinyar sassauci a 2007 bisa jagorancin Farfesa Olaitan Soyannwo. A 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka, ta dawo da shigo da garin mofin bayan shekaru ana fama da rashinsa, a 2021 kuma aka fitar da manufar ƙasa a kan wannan fanni. Saboda haka idan kika ɗaga maganar a asibitinku, kina neman a aiwatar da abin da gwamnati ta riga ta rubuta ne.

Na farko da za ki fara gobe, ba tare da ko kwabo ba, shi ne auna ciwo. Duk lokacin da aka auna zafin jiki da hawan jini, a tambayi mara lafiya ƙarfin ciwonsa daga sifili zuwa 10, ko da yatsun hannu ga wanda lissafin zai ba shi wuya, a rubuta a takardarsa. Ciwon da aka rubuta 8 kwana uku a jere yana da wuya likita ya wuce shi. Wannan rubutun kuma shi ne hujjar da mai kula da ɗakin magani da shugaban asibiti za su ɗauka su nemi mofin ta hannun ma'aikatar lafiya ta jiha, tare da tanadin akwati mai makulli da rajistar da doka ta shar'anta. Allurar fentazosin ba ta dace da ciwo mai tsawo ba, domin aikinta gajere ne, tana da iyakar da ƙari ba ya amfani, kuma yawan yin ta yana lalata naman wurin. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986 ya fifita magani ta baki, a kan lokaci, ana hawa daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi.

Sauran aikin da yawansa a hannunku yake, ku masu jinya. Juya mara lafiya kowace awa biyu yana hana gyambon kwanciya. Garin Flagyl da aka barbaɗa a kan miki mai wari yana kashe warin, kuma matar da mijinta da 'ya'yanta suka daina shiga ɗakinta saboda wari ta san darajar wannan fiye da kowa. Labule tsakanin gadaje, da sassauta dokar lokacin dubiya ga wanda ya kusa cikawa, da kiran liman ko fasto idan ya nema, duk hukuncin shugabar ɗaki ne. Abin da na fi so ki dage a kai shi ne sallama. Kada a sallami irin wannan mara lafiya sai an koya wa mai jinyarsa yadda za ta juya shi, ta wanke masa baki, ta ba shi magani, an ba ta lambar wayar da za ta kira da dare, an kuma sa ranar da za a dawo karɓar magani ko da ba a ɗauko shi ba. Likita ɗaya da ma'aikatan jinya biyu da mai ɗakin magani, idan suka ware awa ɗaya a mako suna bin waɗannan gadaje, sashen ya kafu ko babu allo a ƙofa.

TAMBAYA

Likita, mijina ya daɗe yana jinya, kuma likitoci sun ce ya kusa. Kwana huɗu ke nan ko kunu ba ya karɓa sai cokali biyu. Surukata ta ce muna kallo yunwa za ta kashe shi, a mayar da shi asibiti a sa masa robar hanci da ƙarin ruwa. Shi kuma tun yana iya magana ya ce a gida yake so ya cika.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi

AMSA

Allah ya ba ki juriya, 'yar'uwa. Da farko a tabbatar babu wani abu mai sauƙin gyara da ya hana shi ci, kamar farin ƙwayar cuta a baki, ko tashin zuciya, ko taurin bayan gida, ko ciwon da ba a kwantar ba, kuma ma'aikacin lafiya zai iya duba waɗannan a gida. Idan babu, to abin da kike gani yana cikin halin kwanakin ƙarshe: jiki ne da kansa yake rage bukatarsa, kuma mai wannan hali ba ya jin yunwa kamar yadda mai lafiya yake ji. Ɗura masa abinci yakan sa ya sarƙe, abincin ya faɗa huhu. Ƙarin ruwa mai yawa kuma a wannan mataki yakan taru a ƙafafu da ƙirji ya ƙara masa haki, robar hanci kuwa tana da wahala kuma ba ta mayar da ƙarfin da cutar ta ɗauke. Surukarki uwa ce, kuma ciyarwa ita ce hanyar da ta sani ta nuna ƙauna, don haka ki ba ta aikin da zai amfane shi. Ita ta riƙa jiƙa masa leɓe da harshe da tsumma mai tsabta, ta shafa masa man kaɗanya a leɓe, ta ba shi kurɓin ruwa ko ɗan kunu idan ya farka kuma yana iya haɗiya, kansa a ɗage.

Za ku ga barcinsa ya ƙaru, hannaye da ƙafafu sun yi sanyi, numfashi yana tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ƙarar majina a maƙogwaro. Wannan ƙarar ta fi damun masu sauraro fiye da shi, kuma kwantar da shi a gefe ɗaya yana rage ta. Kada a daina maganin ciwo don ya daina magana. Idan haɗiya ta gagara, a tambayi likita wata hanyar ba shi. A ci gaba da yi masa magana a hankali, domin ana kyautata zaton yana ji ko da ba ya amsawa, a rage hayaniya da koke-koke a kansa, wanda ya fi natsuwa da shi kuma ya zauna kusa da kunnensa yana faɗin kalmar shahada a tausashe, ba tare da an matsa masa sai ya maimaita ba.